Daga Gonakin Gyaɗa zuwa Kofin Atlanta

Aikin gyaɗa ne ya kai ni Amurka a ƙarshen Nuwamban 2023, amma labarin da na dawo da shi na ƙwallo ne. An gayyace mu taron bita na kwana goma a kudancin jihar Jojiya, wadda ta fi kowace jiha noman gyaɗa a ƙasar. Na bar Kano ranar Talata hazo ya fara sauka, na kwana a Legas, washegari da dare jirgi ya ɗauke mu, ya shafe sa'a goma sha biyu da wani abu bisa teku kafin ya dire a Atlanta da asubahin Alhamis. Sai Litinin za a buɗe taro, don haka ɗan yayata da ke karatun haɗa magunguna a Talahasi ya ce ba zan yi kwana huɗu ni kaɗai a otal ba alhali yana ƙasar. Shi ya zo ya tare ni.

Daga Atlanta zuwa Talahasi, babban birnin jihar Fulorida, kimanin kilomita 430 ne. Mun bi babbar hanya mai lamba 75 muka nufi kudu, muka wuce Macon, a Tifton muka karkata kan wata ƙaramar hanya da ta ratsa Moultrie da Thomasville. A nan idona ya buɗe. Ƙasa ja, shimfiɗaɗɗiya, gonakin auduga iyakar ganinka, an naɗe audugar cikin manyan dunƙule masu rawayar leda an jere su bakin gona. Da ba don itatuwan sun bambanta ba, da na ce hanyar Funtuwa ce a shekarun da auduga ke da daraja. Mun sha mai a kan kusan dala uku kowane galan. A lokacin dala tana wajen naira 1,200 a Wapa, sai na lissafa na ga litarsu ta haura naira ɗari tara, mu kuwa muna kukan ɗari shida da 'yan kai tun da aka cire tallafi. Da na faɗa wa yaron, sai ya ce, "Kawu, ka daina juya dala zuwa naira, in ba haka ba ko ruwa ba za ka sha ba a ƙasar nan." Ban daina ba. Gaba kaɗan muka tarar da wani dattijo yana sayar da dafaffiyar gyaɗa a bakin hanya, cikin tukunya tana tururi, ta sha gishiri ta yi luguf. Kofi guda dala biyar. A Dawanau kuɗin nan kwano guda zai saya maka, har a ba ka canji.

Tun kafin mu shiga gari na lura da launi biyu a jikin motoci, wasu ja mai duhu da ruwan zinare, wasu ruwan lemo da kore. Ashe jami'o'i biyu ne a garin, layin dogo ya raba su. A arewa akwai Florida State, mai filin wasa da a lokacin ke cin mutum kusan dubu tamanin. A kudu, bisa tudu, akwai Florida A&M, wadda kowa ke kira Famyu, filinta bai fi na mutum dubu ashirin ba. Ita wannan an buɗe ta a Oktoban 1887 da ɗalibai goma sha biyar da malamai biyu, don a lokacin doka ta hana baƙar fata zama aji ɗaya da Bature a kudancin Amurka. Sai a 1962 makwabciyarta ta fara karɓar baƙaƙe. Irin waɗannan makarantu da aka kafa domin jikokin bayi sun kai ɗari a ƙasar, kuma yaron namu a Famyu yake.

Masaukinsa ɗaki ne a bayan gidan wasu tsofaffi, mata da miji, dukkansu malaman makaranta da suka yi ritaya, dukkansu kuma a Famyu suka yi karatu. Yana kiran matar Mama, ita kuma ta riƙe shi kamar ita ta haife shi. Ta ƙi yarda in kwana a ɗakinsa, ta gyara mini na ɗanta da ke aiki a wani gari. Da dare ta jera mana abinci: soyayyar tarwaɗa, wake mai baƙin ido irin namu sak, kuɓewa, burodin masara, da wani ganye mai faɗi da suke dafawa ya yi laushi. A al'adarsu da naman alade ake dafa ganyen, amma tun ranar da yaron ya tare a gidan ta koma sa kyafaffen talotalo, kuma ta riga ni faɗa don kada in ji nauyin tambaya. Da safe aka kawo tsakin masara mai ruwa-ruwa da man shanu, ɗan'uwan faten tsakinmu. Na ci wake da kuɓewa a gidan mutanen da aka kwaso kakanninsu daga Afirka ta Yamma cikin sarƙa, kuma na daɗe ina kallon kwanon kafin in sa cokali.

Maigidan ne ya sanar da ni cewa na zo a sa'a. Jibi Asabar, 2 ga Disamba, za a buga wasan ƙarshe na gasar da suke kira SWAC, kuma a filin Famyu za a yi, don ita ta fi kowa nasara a kakar. Wasa goma sha ɗaya suka buga, suka ci goma. Wanda suka rasa ɗin ma a hannun South Florida ne, wadda ke rukunin da ya fi nasu kuɗi da girma. Sun buɗe kaka da doke Jackson State 28 da 10 a Miami, ita ce kuwa ta riƙe kofin shekara biyu a jere ƙarƙashin mai horarwa Deion Sanders kafin ya tafi Colorado. Sun rufe da doke abokan hamayyarsu na gado, Bethune-Cookman, 24 da 7 a Orlando. Yana lissafa mini waɗannan kamar mai kawo sunayen jikokinsa.

Wasan da suke kira ƙwallon ƙafa ba namu ba ne, ya fi kusa da zari-ruga. Ƙwallon tana da siffar gwanda, da hannu ake riƙe ta. Mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare. Masu ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi goma, in sun ci a sabunta musu, in sun kasa ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya sami maki shida, bugun da ke biyo baya maki ɗaya, bugu tsakanin sanduna daga nesa maki uku. Akwai mai jifa, shi ne madugu, duk dabara a hannunsa take. 'Yan wasan kuwa sanye suke da kwalkwali da kayan kariya a kafaɗa da ƙirji, ranar da na fara ganinsu sun fito a jere sai na tuna 'yan lifidi a hawan Daushe. Minti sittin ne a agogo, amma a shafe sa'a uku ana yi.

A falonsa tsohon ya nuna mini hoton Jake Gaither, wanda ya horar da ƙungiyar daga 1945 zuwa 1969, ya ci wasa 203, aka ci shi 36 kacal. A hannunsa Bob Hayes ya taso, wanda ya ɗauki zinare a tseren mita ɗari a Tokyo a 1964, daga baya ya ci babban kofin ƙwararru da Dallas. A shekarar Gaither ta ƙarshe aka bar Famyu ta kara da jami'ar Turawa ta Tampa, abin da ba a saba gani ba a kudu, ta kuwa ci 34 da 28. A 1978, ƙarƙashin Rudy Hubbard, ta ɗauki kofin ƙasa na rukuninta bayan ta doke Massachusetts 35 da 28, kuma har yau babu wata makarantar baƙaƙe da ta sake ɗaukar wannan kofi. Daga nan muryar tsohon ta sauka. Ya ce da ƙofofi suka buɗe, manyan jami'o'i suka zo da kuɗi da talabijin suka kwashe yaran da a da nan kaɗai suke da wurin zuwa. Bai ce buɗe ƙofar kuskure ba ne, shi kansa ya yi zanga-zanga a kanta yana ɗalibi, a garin da 'yan mata biyu na Famyu suka tayar da ƙauracewa motocin bas a 1956 saboda sun ƙi tashi daga kujera. Abin da ke cin ransa shi ne an buɗe ƙofa amma ba a raba kuɗi daidai ba. Kimanin wata biyu da rabi kafin zuwana, ministocin ilimi da na noma na Amurka sun rubuta wa gwamnoni goma sha shida cewa tsakanin 1987 da 2020 an tauye wa irin waɗannan jami'o'i sama da dala biliyan goma sha biyu, rabon Famyu kaɗai ya kusa biliyan biyu. Wanda ya tsaya a kan layin dogon nan ya dubi hagu da dama ba ya bukatar wasiƙar minista.

Ranar Asabar gari ya tashi da hadari. Duk da haka tun hantsi titunan da ke kewaye da filin Bragg na Famyu suka cika da rumfuna. Kowane iyali ya buɗe bayan motarsa, ya kafa murhu, hayaƙin gashi ya turnuƙe unguwa kamar layin masu tsire da magariba. Masu sayarwa suna karɓar dala goma sha biyar kan farantin kifi, amma ni ban biya ko sisi ba. Mama ta riƙe hannuna tana bi da ni rumfa rumfa tana cewa ga baƙonta daga Najeriya, kowa kuma sai ya cika mini faranti. Wata dattijuwa ta tambaye ni ko ana sanyi a garinmu, wani ya ce gwajin jini ya nuna masa rabinsa ɗan Najeriya ne, yana so in gaya masa wane gari zai fara zuwa. Na ce ya fara da Kano, ya nemi Kurmi da marinar Ƙofar Mata.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne waɗanda suka zo kallon. Na saba da filin Sani Abacha ranar da Pillars ke gida, matasa maza zalla, ana "Sai Masu Gida" har murya ta dushe, kuma ina son wannan. A nan kuwa kaka ce da sandarta, da 'yarta, da jika a goye, duk cikin ruwan lemo da kore. Likitoci, alƙalai, direbobin manyan motoci, wasu sun yi tuƙin sa'a takwas. Alamar makarantar macijin nan ne mai caki a wutsiya, gaisuwarsu kuwa a lanƙwasa yatsu biyu kamar haƙoransa a kai sara gaba. Tsohuwa mai shekara tamanin tana yin wannan da iyakar gaskiyarta.

Ruwa ya sauko, walƙiya ta sa aka dakatar da wasa aka ce kowa ya nemi mafaka, muka rakuɓe ƙarƙashin benaye muna jira. Da aka dawo Famyu ta gama da Prairie View, wadda ta zo daga Texas, 35 da 14. Kofinta na farko ke nan a wannan gasa, da ma a 2021 ta shigo ta. A daren nan ita ma Florida State ta ci nata kofin a Charlotte, wasa goma sha uku ba a doke ta ba, amma washegari kwamitin da ke zaɓen huɗun da za su nemi kofin ƙasa ya tsallake ta. Na kwana a garin da kowa ke shagali, na tashi rabinsa na zaman makoki.

Litinin na koma Jojiya. Taron ya tafi yadda taro ke tafiya: jawabai, ziyarar gonakin gwaji, maganar irin da ke jure fari da gubar da ke kama gyaɗa a rumbu. Masaukin da aka ba mu dala ɗari da goma ne kowane dare, babu mai ce maka sannu da zuwa sai na'urar bayar da makulli. Kwana goman nan na yi kewar teburin Mama fiye da yadda na zata.

Da aka rufe taro yaron ya kira ni. "Kawu, Baba ya saya maka tikiti, ya ce ba ka da ta cewa." Zakaran SWAC zai haɗu da zakaran ɗaya gasar, MEAC, a wasan da ake kira Celebration Bowl, wanda aka fara a 2015, kuma wanda ya ci shi ake ɗauka sarkin ƙwallon makarantun baƙaƙe na shekarar. Suka biyo ta kaina da motar tsohon ranar Alhamis. Tun daga Macon hanya ta zama ayari, motoci da tutocin maciji, ana yi wa juna ham.

A Atlanta muka sauka gidan 'yarsu. Ranar Juma'a na yi salla a masallacin Al-Farooq, inda na ji Hausa a bakin ƙofa daga wasu mutanen Kumasi da Yamai, muka tsaya muka gaisa kamar mun san juna. Da la'asar tsohon ya kai ni unguwar Auburn, muka tsaya gaban kabarin Martin Luther King da cocin Ebenezer inda ya yi wa'azi. Shi ma King a irin waɗannan makarantu ya yi karatu, a Morehouse, wadda ke 'yar tafiya kaɗan daga filin da za a buga wasan. Abokan karawar kuwa Howard ce ta birnin Washington, wadda aka kafa a 1867, masu alamar ɓauna. Na gaya wa tsohon cewa mu ma muna da rabo a cikinta, don Nnamdi Azikiwe, haifaffen Zungeru da ya tashi da Hausa a bakinsa, ya zauna a azuzuwanta kafin ya ƙarasa a Lincoln, inda Kwame Nkrumah ya biyo sawunsa. Ya ce to gobe in ajiye wannan tarihi a gida, in sa hular lemo.

Filin Mercedes-Benz rufaffe ne, yana cin mutum sama da dubu saba'in, ranar kuwa an sami dubu arba'in da ɗaya da 'yan kai. Ba a karɓar takardar kuɗi a ciki sai kati. Abin mamaki, nan ne wuri mafi arha da na ci karo da shi a tafiyar: lemon kwalba dala biyu, kuma ka ƙara sau nawa ka ga dama. An take wasa da tsakar ranar 16 ga Disamba. Howard ta zo da nasara shida da rashi biyar, kowa a ɓangarenmu yana ganin an gama. Kafin mu gyara zama sun ci 14 ba ko ɗaya. Mama ta yi shiru, ta haɗa tafin hannu bisa gwiwa. Aka tafi hutu Howard na da 16, Famyu 10.

A sauran filayen duniya hutun rabin lokaci na zuwa bayan gida ne da sayen abinci. A nan ba wanda ya motsa, don lokacin 'yan badujala ne, kuma akwai mutane da yawa da su suka zo gani. Na Famyu ana kiransu Ɗari Masu Maci, ko da yake sun ninka ɗarin. William Foster ne ya kafa su a 1946, a 1989 kuma su Faransa ta gayyata su wakilci Amurka a faretin cika shekara ɗari biyu da juyin juya halinta. Sun shigo da wani taku a hankali, ƙafa ɗaya a sama an tsaya cak kamar zalɓe, har sai da na ji numfashina ya tsaya tare da su, sai kawai ganguna suka ɓarke suka rufta da gudu, gwiwa na kaiwa ƙirji, masu manyan ƙahoni na rawa da su kamar ba nauyi. Jagororinsu masu dogayen huluna suna lanƙwasawa baya har hula ta taɓa ƙasa. Na ga kakaki da algaita a ƙofar fada, na ga badujalar 'yan sanda, amma ban taɓa ganin mutum ɗari biyu da wani abu suna busa suna rawa suna rubuta kalmomi da jikinsu a fili ba. Mama ta raɗa mini cewa sun taɓa rasa wannan duka: a 2011 wani jagoransu ya mutu sakamakon dukan shiga ƙungiya da 'yan'uwansa suka yi masa, aka dakatar da su sai 2013. Ta ce sun ji kunyar abin, kuma daidai ne da suka ji.

Kashi na uku ya wuce ba wanda ya ci. A na huɗu mai jifan Famyu, Jeremy Moussa, wanda ya sha wahala tun farkon wasa, ya sami Kelvin Dean sau biyu, na biyun daga nisan yadi hamsin da uku, aka koma 24 da 16. Muna cikin murna Howard ta ci uku, sa'an nan wani ɗan bayansu ya cafke jifan Moussa ya ruga da ita har gida, suka sake shiga gaba 26 da 24. Tsohon ya cire hularsa ya dafe kai. Ba a jima ba Famyu ta yi wata dabara, aka miƙa ƙwallo kamar za a ruga da ita, 'yan Howard suka taso, sai aka mayar wa Moussa, ya wurga ta yadi talatin da takwas ta faɗa hannun Jah'Marae Sheread. 30 da 26. Howard ta sake yunƙurowa, Isaiah Major ya tare jifansu, shi ke nan. Na waiga na ga tsohon yana hawaye, yana rungume da wani mutum da bai taɓa gani ba. Wasa goma sha uku, nasara goma sha biyu.

A hanyar komawa gida na tambaye shi nawa makarantar ke biyansa kan wannan wahala. Ya yi dariya ya ce shi ke biya. Tun da ya fara aiki bai taɓa tsallake shekara bai aika mata wani abu ba, komai ƙanƙantarsa, kuma rabin mutanen da na gani a filin haka suke yi, don sun san in su ba su riƙe ta ba babu mai riƙe musu. Maganar ta zauna mini. Na yi shekara talatin da barin jami'ar da ta yi mini komai kusan kyauta, ban taɓa komawa kallon wasanta ko ɗaya ba, ban kuma san ko ɗakin da na kwana a ciki yana da ƙofa a yau ba. Da na dawo gida na je na duba.

Na baro Atlanta ranar Litinin da hular lemo a jaka da ƙullin burodin masara da Mama ta dage sai na tafi da shi. Mako biyu bayan nan, ranar farko ta 2024, yaron ya aiko mini da saƙo cewa mai horarwa Willie Simmons, wanda ya kawo kofin, ya ajiye aiki ya tafi jami'ar Duke a matsayin mataimaki. Shugaban da ya ci komai a nan ya zaɓi zama na ƙasa a can, inda kuɗin yake. Na kira tsohon in yi masa jaje, ya ce ya riga ya biya kuɗin kujerarsa ta kaka mai zuwa.

Duk wanda hanya ta kai shi kudancin Amurka tsakanin Satumba da Disamba, ya ware Asabar guda ya nemi inda ɗaya daga cikin makarantun nan ke wasa, ko Talahasi, ko Jackson, ko Grambling. Ya je da wuri, ya je da yunwa, kuma in an tafi hutun rabin lokaci kada ya tashi daga kujerarsa.